Ƙofofin V-boot ɗina da iskar da ke kulle su

Motar da nake hawa Marsandi ce 230E ƙirar 1991, irin wadda kowa ya sani da V-boot. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, shi ya sayo ta 'yar Kwatano. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka bar mini ita, saboda tun yana raye ni ke kai ta gareji in zauna har a gama. A ƙarshen 1984 aka fara fitar da wannan samfuri a Jamus, aka daina ƙera mai ƙofa huɗun a 1995. Ke nan duk V-boot ɗin da ka gani a titin Bauchi ko hanyar Bukuru yau ta ba shekara talatin baya, ko tana gab da haka. Injinta da ƙarfen jikinta ba su cika damuwa da wannan ba. Roba da waya su ne shekaru ke ci.

Hunturun da ya wuce ne ƙofofin suka fara yi mini gardama. A da in na murɗa makulli a ƙofar direba, kafin in zare shi maɓallan nan huɗu sun tashi tare, but ya saki, murfin tankin mai ma ya saki. Sai ya zama da sassafe, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, ƙofata kaɗai ke buɗewa, don ita makulli ne ke juya ta kai tsaye. Ta fasinja ta ɗago rabi ta tsaya, na baya biyu ko motsi. Sai in shiga in miƙa hannu in jajjawo su ɗaya bayan ɗaya, yara na tsaye a waje da jakunkunan makaranta suna rawar ɗari. In rana ta ɗaga, wajen azahar, sai abin ya yi sauƙi. Kullewa kuwa tana yi, da nawa dai amma tana yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai murfin tanki ne. Ka bi layi a gidan mai, ka iso kan famfo, murfi ya ƙi, na bayanka suna ta danna hon.

Akwai kuma wani sauti da ya canza. Gurnani ne ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin kujerar baya. A da bai wuce sakan biyu zuwa uku ba, yanzu sai ya ja, ya ja, kafin ya yi shiru.

Na fara tsayawa wurin wani matashi mai riwaya. Yaro ne mai ladabi, kuma ya iya aikinsa a kan motocin da ya saba da su. Ya murɗa makulli, ya kalli maɓallan, ya ce, "Oga, motocin ƙofa ne suka gaji. A bar wahala, in sa maka sabon santaral lok mai rimot, yau-yau ka tafi da ita." Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe ƙofar V-boot. Ya ce a'a, amma ai duk ɗaya ne. Ban ga laifinsa ba. A kan Camry da Accord da Corolla ya koyi aiki, kuma a kansu maganarsa gaskiya ce, kowace ƙofa da ɗan motonta na lantarki. Sai dai a ƙofar V-boot babu moton kulle ko ɗaya. Iska ce ke kulle ta, iska ce ke buɗe ta.

A ƙarƙashin kujerar baya, ɓangaren dama, akwai ɗan famfon iska da aka naɗe cikin soso don a rage masa ƙara. Daga batir yake samun wuta ta hanyar fis, shi ya sa yake aiki ko inji na kashe. Daga bakinsa wani siririn tiyo rawaya ya fito, kaurinsa kamar milimita 4, ya rarrabu ya bi ƙarƙashin kafet. Reshe ya shiga kowace ƙofa, reshe ya tafi but, reshe ya tafi murfin tanki. A ƙarshen kowane reshe akwai ɗan gwangwanin roba mai tantani a ciki, an haɗa tantanin da sandar makulli. In famfo ya hura, tantani ya tura sanda, ƙofa ta buɗe. In ya zuƙa, tantani ya ja sanda, ƙofa ta kulle. A cikin famfon akwai abin da ke jin ƙarfin iskar, da zarar ta kai inda ake so sai ya yanke wuta. In kuwa akwai wurin da take zurarewa, ba za ta kai ba, sai famfon ya yi ta aiki har wa'adin da aka sa masa ya cika, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Waya tana da aiki ne kawai a wuraren da ake sa makulli, wato a tawa motar ƙofofin gaba biyu da but. A nan akwai ɗan maɓalli da ke gaya wa famfo ya hura ko ya zuƙa.

Waɗanda suka riƙe Marsandin da ta gabaci wannan, W123, za su tuna nata tsarin daban ne. Ita daga inji take samun zuƙa tana tarawa a wani tanki, shi ya sa in tana yoyo ta kwana, sai ka tayar da inji kafin ƙofofi su amsa. V-boot da Marsandi 190 su ne masu famfon lantarkin nan na ƙarƙashin kujera.

Wani abokin mahaifina ne ya tura ni Farin Gada wurin wani dattijo da ya daɗe a aikin Marsandi, tun lokacin da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Jos ke yayinta. Da na same shi na yi masa bayani, bai taɓa motar ba. Ya ce, "Malam, ka dawo gobe da sassafe, kada ka bari rana ta same ta. In ta ji ɗumi za ta ɓoye mini ciwonta."

Washegari na iske shi da hular sanyi da kofin shayi a kan benci. Ya ce in murɗa makulli, shi kuma ya buɗe ƙofar baya ya kara kunne a kujera. Ya bari gurnanin ya ƙare da kansa, sannan ya ce in murɗa ɗaya gefen. Ya sa aka gwada daga ƙofar fasinja, aka gwada daga but. Duk inda aka murɗa famfon na amsawa.

"To, saƙo na isa," in ji shi. "Wuta ma na isa. Amma bari mu tabbatar ta isa da ƙarfinta."

Ya buɗe bonet, ya ɗora mita a kan batir. Batir mai cikakken caji yakan nuna kusan volt 12.6, nawa bai yi nisa da haka ba. Ya buɗe akwatin fis da ke kusa da gilashin gaba ta gefen direba. Fis ɗin wannan mota ba irin na motocin yanzu ba ne masu ƙafa biyu. Dogaye ne masu tsini a kai da gindi, ƙarfen a fili yake, fari na amp 8, ja na 16, shuɗi na 25. Ba lallai su ƙone ba kafin su ba da matsala, tsinin ne ke yin tsatsa ya rage wutar da ke wucewa. Baba, wato dattijon, ya bi su yana mirgina kowane da ɗan yatsa, ya cire waɗanda suka yi fari-fari a baki ya goge da sanfefa ya mayar. Aka sake murɗawa, gurnani bai ragu ba.

Daga nan ya saki maƙalai biyun da ke riƙe da kujerar baya, yaronsa ya ɗaga ta ya fitar. Ga famfon nan a cikin sosonsa, ƙura ta yi masa ja. Baba ya zare tiyon rawaya daga bakin famfon, ya ɗora babban yatsansa ya toshe bakin, ya ce wa yaron, "Kai, murɗa." Famfon ya yi 'yar ƙara ya tsaya nan take. Aka murɗa ɗaya gefen, ya zuƙi yatsan har fatar ta ɗan shiga, ya sake tsayawa. Baba ya ɗago ya dube ni.

"Famfonka lafiya lau yake, Malam. Da an hura masa wurin da ba ya zuba, ga shi nan yana tsayawa. Ɓaraka na gaba."

Wannan gwaji na yatsa ɗaya shi ya raba ni da sayen abin da ya fi komai tsada a cikin tsarin, kuma bai ɗauki minti ɗaya ba. Na daɗe ina tunaninsa. Da yawa daga cikinmu, masu mota da masu gyara, abin da ya fi girma ko ya fi ƙara muke fara zargi. Famfo shi ke kuka, sai a ce shi ne mara lafiya, alhali kukan nasa shaida ce cewa yana nan da ransa yana ƙoƙari.

Sauran aikin bin layi ne, irin na mai gyaran famfon gida da ke rufe layin ɗaki ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ruwa ke tsiyaya. Ya ɗaga kafet ta bakin ƙofa inda tiyon ya rabu, ya cire reshen da ya nufi gaba, ya toshe wurin da ɗan sukur. Aka murɗa: ƙofofin baya suka tashi tsaf, gurnani ya gajarce sosai. Ke nan babbar ɓarakar tana gaba. Ya matsa can ƙarƙashin ƙafar direba inda layin ya sake rabuwa hagu da dama. A nan ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya goge bakin tiyon da gefen rigarsa, ya sa a baki ya zuƙa, ya toshe da ƙarshen harshensa. Na gefen fasinja ya manne wa harshen ya riƙe, har muka ji maɓallin ƙofar ya sauka ƙwas. Na gefen direba kuwa ya saki nan da nan. Ya miƙa wa yaron ya ce shi ma ya gwada duka biyun, don ya san bambancin da bakinsa.

Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata roba mai ninki-ninki da wayoyi da tiyo ke bi ta ciki. Ya ja ta baya a hankali. Da ido tiyon lafiyarsa lau. Sai da ya lanƙwasa shi tsakanin yatsu biyu tsaga ta bayyana, siririya, a tsaye, daidai wurin da yake naɗewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Ƙofar direba ita ake buɗewa fiye da kowace, shekara da shekaru, don haka nan ne ya kamata a fara zargi a kowace tsohuwar mota.

Tsagar nan ta amsa duk tambayoyin da nake da su. In famfo ya hura, iska na buɗe bakin tsagar ta fice, shi ya sa buɗewa ta fi wahala. In ya zuƙa, bakin na haɗewa ya ɗan rufe kansa, shi ya sa kullewa ke yiwuwa. Da asuba sanyi ya ƙandarar da tiyo da tantani da tsohon giris ɗin da ke jikin makullan, ana buƙatar iska mai ƙarfi a daidai lokacin da ta fi zuba. Da rana komai ya yi laushi, 'yar iskar da ta rage sai ta wadatar. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, sanyin Disamba da Janairunta ba irin na Abuja ba ne. Motar da ke ɓoye irin wannan ciwo a can ƙasa, in ta kwana biyu a Jos za ta bayyana shi.

Yaron ya miƙo salatif, Baba ya girgiza kai. Ya ce salatif da sufa gulu ba su riƙe wurin da ke lanƙwashewa kullum. Ya yanke dukkan ɓangaren da ke ratsa robar, ya kawo lafiyayyen tiyo daga wata matacciyar V-boot da ke bayan gareji, ya haɗa gefe biyun da guntayen tiyon roba, irin siririn nan da ke mayar da gas a injin dizal. Ya tabbatar mahaɗa ɗaya tana can cikin ƙofa, ɗaya tana cikin jikin mota, babu wadda ta faɗo a wurin naɗewa. Tunda robar na buɗe, ya bi wayoyin da ke ciki yana ja ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya fatarta ta tsage, jan ƙarfen ya fara yin kore. Ba ta tsinke ba tukuna, amma ya yanke ya yi mata dalma ya rufe.

Aka mayar da komai, aka murɗa. Ƙofofi huɗu suka tashi tare. Ni har na fara godiya, amma Baba bai ɗaga kunnensa daga famfon ba. Ya ce har yanzu yana wuce lokacinsa kaɗan, akwai sauran wata 'yar ɓaraka. Ya aiki yaron kemis ya sayo babban sirinji, ya cire allurar, ya haɗa bakinsa da reshen but: ya ja, sandar ta shiga ta tsaya, ya tura, ta fita ta tsaya. Ya haɗa da reshen murfin tanki, sirinjin ya tafi salin-alin babu abin da ya riƙe shi. Tantanin wannan gwangwanin ya yage. Ya buɗe shimfiɗar gefen dama a cikin but ya nuna mini sandar da ke kulle murfin, ya ce duk ranar da ya ƙi a gidan mai, in sa hannu ta nan in ja ta baya. Ya kuma tuna mini cewa makullin but yana da matsayin da in ka zare makulli a kai, but zai zauna a kulle ko an buɗe sauran ƙofofi. Da gangan aka yi shi haka, amma mutane kan ɗauka lalacewa ce.

Da sirinjin a aljihu na tafi Dilimi. Na sami gwangwanin na hannu, na gwada shi a gaban mai shago kafin in biya, ya riƙe ta gefe biyu. Kuɗinsa da ladan aikin Baba gaba ɗaya ba su kai abin da sabon santaral lok ɗin nan zai ci ba.

Abin da na ɗauko daga wurin dattijon nan shi ne yadda ake karanta alamar kafin a taɓa sukundireba. In an murɗa makulli ko'ina famfo shiru, a fara da fis da wuta da filogin famfon. In yana amsawa daga ƙofa ɗaya amma ba ya amsawa daga wata, waya ce ko ɗan maɓallin waccan ƙofar, kuma galibi a cikin robar nan mai ninki. In yana dogon gurnani, iska ce ke zuba. In kuwa yana tsayawa a kan lokaci amma ƙofa ɗaya ta ƙi, to ko dai tiyonta ya matse a wani wuri ko makullinta ya cije da tsohon giris da ƙurar hunturu.

Masu motocin da ke da moto a ƙofa su ma wannan tunanin zai yi musu aiki. Famfo ne kawai babu. Ana aika wa ɗan moton wuta ta ƙasa da sakan ɗaya, a juya masa ita in ana son ya koma. In duka ƙofofi sun mutu tare, da wuya a ce 'yan motocin ƙofa huɗu suka lalace rana ɗaya, a duba fis da rile da maɓallin ƙofar direba da wayoyin da ke ratsa ta. In ƙofa ɗaya ce, a cire filogin motonta a sa gulob ɗin gwaji: in ya haska lokacin da aka danna, moton ne, in bai haska ba, waya ce. In rimot kaɗai ya ƙi, a fara da ɗan batirinsa mai kama da kwabo. Su waɗannan motocin sau da yawa zafi ne ke tona asirinsu, su yi aiki da safe su gaza da rana, akasin tawa.

Ba na ƙin rimot. Hajiyata ƙafarta na ciwo, in na kai ta asibiti na fi son ƙofarta ta buɗe kafin mu iso mota. Kuma wanda ya taɓa shiga cunkoson Taminus da yara a baya da waya a kan kujera ya san amfanin ƙofa huɗu su kulle lokaci guda. Abin da nake ƙi shi ne a huda ƙofar mota mai lafiya a ɗaura mata moto a jikin sanda, a bar tantanin asali yana ja-in-ja da shi, a yanke tiyo a bar shi a buɗe, but da murfin tanki kuma su zama babu mai kula da su. Na ga V-boot da aka yi wa haka, kuma mayar da ita yadda take ya fi gyaran farko wuya nesa ba kusa ba. In ana son rimot, akwai hanyar da ba ta ɓata komai: a haɗa akwatin rimot ɗin da wayar da ke ba famfo saƙo, shi kuma ya ci gaba da aikinsa da iska. Da yawa daga cikin akwatunan nan suna da saiti na musamman don motoci masu kullewa da iska, wanda ke tsawaita saƙon zuwa 'yan sakanni. Sai dai a sami mai riwayar da zai karanta takardar da ke cikin kwalin kafin ya ɗauki fulaya.

Kafin in tafi Baba ya matsa soson famfon da hannu don ya ji ko da danshi. Ya ce damina ce ke kashe famfunan nan a Jos. Ruwan Yuli da Agusta kan shiga ta tsohuwar robar ƙofa ko ta gilashin baya ya taru a ƙarƙashin kujera, soso ya sha ya riƙe, filogi ya yi tsatsa, daga nan ruwa ya kai ga allon da ke ciki. Ya ce in riƙa ɗaga kujerar lokaci-lokaci da damina, in na ji laima in cire soson in shanya, in kuma nemi inda ruwan ke shigowa. Wanda nasa famfon ya riga ya mutu har zai sayi na hannu, ya tafi kasuwa da tsohon a hannunsa. Famfunan sun bambanta daga shekara zuwa shekara, filoginsu ba iri ɗaya ba ne, don haka a gwama lambar da ke jiki da yawan ƙafafun filogi, a kuma sa mai shago ya ba shi wuta a toshe bakinsa da yatsa a ga ya tsaya kafin kuɗi su fita daga aljihu.